Hanyar da Labbo Ya Dafa a Tukunya

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a shekarun da Turawa ke ɗaure kayansu, ya san ƙafar Labbo Direba kafin ya san fuskarsa. Fuskar ba ta da wani abin kallo, irin ta mutanen kwarin Rima ce da rana ta gasa. Ƙafar kuwa faffaɗa ce kamar faifai, faso ya tsattsage dunduniyarta kamar bakin tafki da rani. Da ita yake taka birki da totur, ba takalmi, da ita kuma yake gane abin da hanya ke ɓoyewa.

Haifaffen Gulma ne, ɗan manoman shinkafa. Tun yana ƙarami aka fid da rai da nomansa, domin da ya ji kukan mota daga nesa sai ya yar da fartanya ya bi sawu. Wata rana ya bi bai dawo ba. Da ya sake bayyana gemu ya fara fito masa, yana riƙe da sitiyarin kitikar wani attajirin albasa, irin motar nan mai gida a gaba da akwatin katako a baya. Ita ya tuƙa har ya yi furfura. Mutane suna kiranta Tsohuwa tun shi yana saurayi.

Hanyar kwarin ba ta da amana. Da damina ruwan Rima ya cika fadama ya shafe ta, in ya janye kuma sai ya bar wuraren da ido ba ya iya shaida: sama ta bushe ta yi ɓawo, ƙasa kuwa kunu. Direbobin lokacin suna da al'adar tsayawa a irin wannan wuri a gwada. Wani ya caka sanda, wani ya tura karen motarsa. Labbo da kansa yake sauka. Ya naɗe wando, ya shiga a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan danga, yatsunsa suna mintsinar ƙasa. Ya kai ƙarshe, ya dawo ta ɗaya sawun, ya goge ƙafa a jikin taya, sannan ya faɗi ɗayan biyu: hanya ta yi, ko hanya ba ta yi ba.

In ya ce ba ta yi ba, to, a sauke tabarmi. An yi 'yan kai amarya da suka yi masa guɗa har muryarsu ta dushe. An yi mai kifin da ya yi ta rantsuwa kayansa sun fara wari. An yi ɗan dokan da ya cire hula ya nuna masa tambarinta. Labbo yana gindin inuwa yana ɓare goro. Sakamakon wannan taurin kai, ba a taɓa jin Tsohuwa ta kafe ko ta kauce ba, ba a kuma taɓa jin ya faɗi maganar a kan hanyar da ƙafarsa ba ta taka ba.

Karen motarsa Hodi ya girme shi nesa. Dattijo ne mai sanƙo, wanda ya ƙi koyon tuƙi saboda, a cewarsa, sitiyari ke tsufar da mutum. Aikinsa waigi, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi. Da shi yake matashi in zai yi barcin rana.

A Birnin Kebbi katanga ɗaya ce ta raba gidan Labbo da na Silvanus, malamin gona, wanda ya zo daga ƙasar duwatsu ta wajen Jos da matarsa Paulina da 'yarsu Roda. Ta kan wannan katanga kwano ke tsallakawa, da Sallah daga wajen Zainabu matar Labbo, da Kirsimeti daga wajen Paulina, sauran ranaku kuma daga duk wadda miyarta ta fi daɗi. Silvanus mutum ne mai sanyi, mai safa da takalmi sau-ciki ko da rana ta take, in akuya ta tare masa hanya sai ya jira ta gama tunani. A hannun Labbo ya koyi tuƙi har ya sami lasin, amma in yana kan hanya jakai masu kaya sukan wuce shi su waiwayo. Abu ɗaya Labbo ya kasa koya masa, shi ne cire takalmi. Silvanus yakan yi murmushi ya ce malamin gwamnati ba ya tafiya ƙafa a ƙasa a gaban manoma.

Bayan an gama shagalin samun mulkin kai, tutocin takarda ma ba su gama yagewa a bakin tasha ba, sai labari ya zo an zaɓi Silvanus ya tafi Ingila koyon aikin injinan noma. A cikin tsarin karatun akwai wata doguwar tafiya a tsakiyar lokacin sanyi. Shi da wasu ɗalibai biyu za su ɗauki mota daga kudancin ƙasar su nausa har ƙarshen arewacinta suna duba gonaki, kuma a cikinsu shi kaɗai ke da lasin. Silvanus ya faɗi wannan da ɗan alfahari a kan tabarmar cin abinci, bai san ya tono wa kansa ba.

Paulina ta taɓa ganin dusar ƙanƙara a jikin wata kalanda. Hoton wata mota ce fari ya binne ta har gilashi, ba kowa a kusa, sai wani baƙin tsuntsu a kan rufinta. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta kulle akwatin ƙarfen da aka saya don tafiyar, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta, ta zagayo ƙofar gidan Labbo ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba Labbo, kai ka koya masa, kai ka san abin da ka koya. In ka ce hanya ta yi, ni da hannuna zan ɗora masa akwati a kai. In ba ka ce ba, ni da shi muna nan Birnin Kebbi."

Ta san wanda ta zaɓa. Da fada ta je, ko wurin fasto, da an sami mai lallashinta. Labbo kuwa bai taɓa cewa hanya ta yi don a ji daɗi ba. Jirgin ruwa zai tashi daga Ikko kafin a gama yankan shinkafa, in Silvanus bai hau ba a ba wani gurbin, irin wannan dama kuma ba ta zagayowa. Tun daga ranar Silvanus ya daina cin abincin kirki. Yakan leƙo ta kan katanga ya gaishe da Labbo sau da yawa fiye da yadda gaisuwa ke bukata, ba ya roƙo, sai kallo.

Labbo ya fara da abin da ya sani, wato shiri. Ya ce ko wace iri ce hanyar, mai doguwar tafiya ba ya fita hannu sake. Ya tara wa Silvanus shebur, da igiyar rama, da buhunan algarara, da zana guda biyu irin wadda ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi. Zainabu ta ƙara bargo mai kauri da bandar kifi, Hodi ya sassaƙa sabon waigi ya shafa masa man gyaɗa. Labbo ya so ya haɗa da kaskon wuta, Silvanus ya ce yana tsoron masu jirgi ba za su yarda ba. A kan wannan tarin kaya Labbo ya yi ta karanta masa darasi: kada ya bar mai ya yi ƙasa da rabin tanki, kada ya bar gari bai gaya wa wani inda ya nufa ba, kada ya manne wa motar gaba kamar ya biyo ta bashi, in kuma mota ta tsaya a daji kada ya bar ta ya kama yawo. Paulina tana tsaye tana ji. Da ya gama ta ce duk ta ji, amma ba ta ji wadda take jira ba.

Sai ya shiga tambaya. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama ya ce shi ruwan sama kawai ya gani, da matsattsaku. Wani alhaji da ya je Makka a ƙasa ya ce in rairayi ake nema a zauna ya ba da labari. Daga ƙarshe Silvanus ya kai shi wurin wani Bature likitan dabbobi da ke ƙulle littattafansa a akwatuna, ya tsaya yana yi musu tafinta. Baturen ya ce abin fari ne kamar toka, yana sauka ba ƙara, ƙafa tana nutsewa a ciki. Amma in motoci sun danne shi, ƙasansa yakan zama santsi. Labbo ya tambaya ko ya fi lakar fadama santsi. Baturen ya ce nesa ba kusa ba. Ya tambaya ko ya kai bayan tarwaɗa. Baturen ya yi dariya ya ce wajen haka. Ya ƙara da cewa har ruwan lagireto yakan daskare ya fasa inji, wannan kam Labbo ya ji shi ne kawai don girmama baƙo.

Ya dawo gida da damuwar da ta fi ta da. Hanya iri biyu ya sani, kowace da dokarta. Rairayi ana ba shi wuta ne, in ka sassauta ka nutse. Laka ana lallaɓa ta, giya ta biyu, ƙafa nesa da birki. Wannan abu na Turawa kuwa sama rairayi ne, ƙasa laka. Wace doka zai bai wa Silvanus? Ƙafarsa ce kaɗai za ta iya raba gardamar, ita kuma Ingila ba ta kan hanyar Argungu.

Yana zaune a tsakar gida da hantsi yana wannan lissafi, sai Hodi ya shigo da sallama neman ɗumame. Ashe miyar kuɓewa ta ɗan zube a kan daɓen ƙofar madafa. Dattijon ya ɗora dunduniya a kai, ƙafarsa ta yi gaba ta bar shi, ya zauna daɓas, waigi ya yi sama ya dawo cikin turmi. Zainabu ta fito tana salati. Labbo bai ce sannu ba. Ya tashi ya je ya ɗora tasa ƙafar a kan miyar, ya goga gaba, ya goga baya, kansa a karkace.

Ya ce, "Zainabu, kuɓewa nawa ag gare ki?"

Ta gidan ba ta isa ba, ta unguwa ma haka. Duk zuwan da Tsohuwa ta yi Argungu a 'yan kwanakin nan sai ta dawo da busasshiyar kuɓewa a kan buhunan albasa, har abin ya yi wuya a kasuwannin biyu, gidaje suka koma miyar kuka suna tsine wa wanda ba su sani ba. Toka kuwa ba ta ba da wahala ba, masu bandar kifi na Argungu sun yi murna da aka zo kwashe musu ita. Wuri ya rage. Malami, wan Zainabu, yana da wani faƙo a bayan garin, ƙasa mai tauri kamar daɓe inda yake sussukar shinkafa, ta ɗan gangara zuwa komayen albasarsa da ya gama dashe. Labbo ya ce aronsa yake so na yini ɗaya don koyar da tuƙi. Bai ambaci miya ba.

Ranar da aka sa, tun da sassafe aka girka tukwanen biki a gefen faƙon. Zainabu ce shugabar aiki, domin ta ce in dai za a yi abin kunya gara a yi shi da kyau. Ta sa aka zuba kanwa don yauƙi ya ja sosai. Da ta ɗebo gishiri za ta watsa, Labbo ya riƙe mata hannu ya ce hanya ake dafawa, ba ci za a yi ba. Ta ce ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa sauke miya ba gishiri ba, kuma duk abin da ya biyo baya ba ruwanta. Aka kwarara tukwanen a kan faƙon, aka baje da tsintsiya daga gefe, aka bar shi ya huce. Sannan aka yi ta barbaɗa toka da rariya har wurin ya yi fari fat, lumui, ba sawun ko kaza. Gaskiya ya yi kyau. Paulina, wadda ta zo a gaban mota da mabuɗinta a bakin zane, ta dube shi ta ce haka yake a kalanda, tsuntsun kawai ya rage.

Kafin rana ta ɗaga rabin Argungu ya hallara. Masunta sun bar taru, mata sun bar daka, masu tallan ƙosai sun biyo jama'a. An ji cewa Labbo Direba ya kawo ƙasar Ingila bayan gari. Shi kuwa ganin ranar ta taro ce, ya sa babbar rigarsa, ya kuma sa takalmin da attajirinsa ya saya masa don bikin mulkin kai, baƙi mai ƙyalli, wanda tun ranar bikin yake rataye a ƙusa. Yana tafiya a cikinsa kamar wanda aka ɗaura wa ƙwarya a ƙafa.

Shirin shi ne Silvanus ya ja Tsohuwa ya ratsa farin wurin daga wannan gefe zuwa wancan, Labbo na kallo, in ya fita lafiya magana ta ƙare. Silvanus ya hau, Hodi ya juya handul, injin ya yi tari ya kama. Motar ta taho a irin tafiyarsa ta jiran akuya, har tayoyin gaba suka kusa taɓa toka. Sai ta tsaya.

Silvanus ya sauko. Ya tsaya yana duban farin nan, ya dubi jama'a, manoman da yake koya wa zuba taki duk suna ciki. Sannan ya zauna a kan matakin mota ya kwance igiyar takalminsa. Ya cire safa ya ninke ya sa a aljihu. Ƙafafunsa suka fito farare-farare, masu laushi kamar sabon dankali, wata tsohuwa ta ce wayyo. Ya naɗe wando, ya karkata kai yadda ya sha ganin ana yi, ya shiga.

Bai yi nisa ba ƙafar dama ta nufi Sakkwato, ta hagu ta nufi Jega. Ya kama iska, iska ba ta kama shi ba. Ya tashi, ya sake zama. Daga ƙarshe da rarrafe ya fito, fari daga gira har gwiwa, igiyoyin yauƙi na bin gwiwar hannunsa. Ya goge ƙafa a jikin taya, ya je gaban Labbo ya tsaya.

Ya ce, "Maigida, hanya ba ta yi ba."

Ya san abin da maganar za ta ja masa, domin bai yarda ya dubi wajen da Paulina take ba. Jama'a kuwa suka ɗauki ihu. Wata ta ce su an hana su kuɓewa mako da makonni don a zo a nuna musu malamin gona yana rarrafe. Wani ya ce dama ɗan boko sai alƙalami. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce watakila shi ma mai dafa hanyar tsoronta yake ji.

Wannan ta ƙarshe ita ta shiga kunnen Labbo. Ya ce wa Silvanus ya matsa. Hodi ya taɓa masa hannun riga ya ce, "Direba, ba ka taka ba." Labbo ya ce hanyar da ya dafa da kansa, ya san abin da aka zuba a ciki har kanwa, mi zai taka? Ya hau da takalminsa. Daga kan kujera ya dubi wurin, fari, a baje, sak rairayin mashigin da ya saba ratsawa. Ya ja da baya don ya sami gudu, ya ba ta wuta.

Waɗanda suka gani sun ce Tsohuwa ta shiga da kyau, toka ta tashi gefe da gefe kamar fukafukai, har an fara tafi. Sai gindinta ya ce shi ma yana son ganin gaba. Labbo ya juya sitiyari, sitiyari ya juya kamar faifai a hannun yaro, motar ba ta san ana yi ba. Ya nemi birki, takalmi ya zame ya taka totur. Ya sake nema ya samu, ya danne iya ƙarfinsa, nan ne fa ta fara juyi sosai. Jama'a suka ga fuskar Labbo, suka ga bayan mota, suka sake ganin fuskar Labbo, bakinsa na motsi da addu'a. Hodi ya runtuma da waigi zai tokare, ya shiga farin wurin da gudu, ya wuce motar a zaune, rungume da katakonsa. Ita kuwa Tsohuwa ta gangara da baya a hankali, cikin natsuwa, kamar mai neman wurin zama a gidan suna, ta sauke gindinta a tsakiyar komayen albasar Malami. Injin ya yi tari ya mutu.

Malami yana kan jigo yana ban ruwa. Ya saki guga, ya zo ya zagaya motar, ya dubi dashensa da ya koma ƙarƙashin taya, ya shaƙi iska. Ya tambayi ƙanwarsa ko hancinsa ne ke yi masa ƙarya, ko kuwa da gaske miya ce ke gangarowa gonarsa. Zainabu ta ce miya ce, amma ba gishiri, kada ya ɗora mata.

Da zanar nan biyu da sheburin da aka tara wa Silvanus aka fid da motar, masunta na turawa suna waƙa. Labbo bai sa hannu ba. Yana zaune a kan kunyar komi, ya cire takalmin ya ajiye a gefe, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan albasa. Shekarun da ya yi ana cewa motarsa ba ta taɓa kaucewa ba sun ƙare a gaban rabin gari, kuma ya san kafin la'asar labarin ya riga shi isa tasha. Nan Paulina ta same shi. Ba ta yi dariya ba, ko da yake gefen bakinta na rawa. Ta durƙusa kamar yadda ta yi a ƙofar gidansa, ta ce tana jira.

Labbo ya daɗe yana kallon yatsunsa a cikin ruwa. Ya ce, "Uwar Roda, wagga hanya ta Ingila ban taka ta ba, ba ni cewa ta yi. Ko wadda nid dafa da hannuna kin ga yadda munka ƙare." Silvanus, da ke tsaye a baya yana kankare toka daga kunne, ya sunkuyar da kai. Labbo ya nuna shi da haɓa. "Amma wanga mutum, gari dut na yi mai ihu, tahiyarshi na hannunki, yac cire takalmi yat taka, yac ce ba ta yi ba. Abin da ni kaina nik kasa yau ke nan. Hanya ban san ta ba. Direba dai ya yi."

Paulina ta dubi mijinta tun daga gira har farin ƙafafunsa. Ta ce ba wannan maganar ta zo nema ba. Sannan ta kwance bakin zane ta miƙa masa mabuɗin, ta ce ya riƙe da kyau, hannunsa duk yauƙi ne.

Silvanus ya hau jirginsa da shebur da zana da waigin Hodi. Labbo kuwa ya yi wannan rani yana kai wa Malami albasa kasuwa a matsayin ban-haƙuri, in ya shiga tasha 'yan kamasho su tambaye shi ko yau da tuwo za a haɗa hanyar. Yakan ɓare goronsa ya ce su hau ko su sauka.

Da Silvanus ya dawo, ya yi ƙiba ya kuma ƙara sanyi, aka shimfiɗa tabarma a gindin katanga ya ba da labari. Ya ce a kan doguwar tafiyar, wata safiya suka tashi suka tarar duniya ta yi fari. Ya ja mota zuwa bakin gari, ya tsaya, ya cire takalmi da safa ya shiga. Abokan tafiyarsa suka ɗauka sanyi ya taɓa masa kai. Wata tsohuwar Baturiya mai kiwon kaji ta hango shi ta taga, ta fito da bargo tana faɗa da yarensu, ta ja shi ɗaki ta tsoma masa ƙafa a ruwan ɗumi, ta ce in ya sake yin haka yatsunsa za su zube. Duk da haka ya gaya wa abokansa hanya ba ta yi ba. Suka yini a gidanta suna shan shayi, suna yi masa gunaguni. Da suka kama hanya daga baya, a giya ta biyu, ƙafa nesa da birki, sun wuce motocin da suka riga su fita suna kwance a rami. Zana ɗaya ta fid da su daga wani kwari, ɗayar ya bar wa tsohuwar ta rufe akurki.

Labbo bai damu da wannan duka ba. Ya matso ya tambayi abin da ya dame shi tun farko, wato yadda abin yake a tafin ƙafa. Silvanus ya yi tunani irin nasa mai tsawo, ya ce kuɓewa ta fi ta yauƙi, amma ita tana cizo. Labbo ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi saƙon da ya daɗe yana jira. Ya tambaya, to, mi ya sa hanyar ta yi daga baya? Silvanus ya ce wata babbar mota ce ta bi tana watsa gishiri.

Daga cikin madafa Zainabu ta ajiye muciya. Ba ta fito ba, muryarta kawai aka ji, ta ce a maimaita wannan da ƙarfi, akwai wanda ya riƙe mata hannu.

Takalmin bikin kuwa, Hodi ne ya gaje shi, yana zuwa Juma'a da shi. Labbo ya ci gaba da tuƙa Tsohuwa ƙafa a ƙasa har idonsa ya raunana, yana sauka a duk inda ƙasa ta yi ɓawo. Sai dai maganganunsa sun zama uku. In matafiyi ya tambaye shi labarin wata hanya mai nisa, ta Gwanja ko ta Fatakwal, yakan dubi ƙafarsa tukuna, sannan ya ce, "Ban taka ba."